Layin Da Lubega Ya Goge

A garin Masaka an yi wani mai rubuta manhajar kwamfuta, sunansa Lubega. Gwani ne, wannan ban manta ba, ko da yake shekarun sun cakuɗe mini. Aibinsa ɗaya: duk abin da bai gane ba, a wurinsa shara ne.

Manhajar ofishinsu ita ke buga wa masu hawan jini waya, ta kira mutum da sunansa, ta tuna masa ranar karɓar magani. Mahaifiyar Lubega ma, can ƙauye, da wannan kira ta dogara.

Manhajar sassa-sassa ce. In za ta tashi, sai ta buɗe wani fayil ta karanta sunayen sassan, kamar malami mai kiran rajista. Wanda aka kira ya kama aiki. Wanda ba a kira ba, ba ta cigiyarsa. In akwai tsohon sashe da ya taɓa riƙe gurbin, shi take ɗauka, ba ta gaya wa kowa. Shi ya sa suke da al'ada: ba a goge layi sai an karanta shi wajen shan shayin safe, an ji ko akwai wanda ya san amfaninsa.

Wata Talata, ko Laraba ce, Lubega yana share fayil ɗin ya tarar da wani layi mai baƙon suna, ba bayani. Nansubuga ce ta rubuta shi, matar da ta kafa manhajar, wadda ta rasu shekara uku kafin nan. Kasozi, dattijon ofishin, ya ce a bari sai gobe wajen shayi.

Lubega ya yi dariya. "Baba, nan ofis ne ko gidan makoki? Sai mun nemi izinin matattu?"

"Ɗana, su ma sun yi aiki a nan," in ji Kasozi.

Lubega ya goge. Manhajar ta tashi lafiya lau, har ya juya allon ya nuna wa dattijon.

Da rana tsaka suna cin matoke, wato dafaffiyar ayaba, wayar Kasozi ta yi ƙara. Ya kara a kunne, cokali ya faɗi daga hannunsa. Ya ƙara sautin ya ajiye ta a tebur. Muryar Nansubuga ce, a hankali, da 'yar dariyar nan tata. Ta gaida matar Kasozi da suna, ta ce ana jiranta ranar Alhamis. Matar kuwa ta fi shekara biyu a kabari.

Ashe layin nan shi ke kiran sashen da ke riƙe da sabon jerin marasa lafiya. Da aka rasa shi, sai tsohon sashen ya farka, wanda Nansubuga ta naɗa da bakinta tun farko, suna bayan suna. Kafin Lubega ya mayar da layin, manhajar ta kira gida ɗari bakwai. Gyaran bai kai minti biyu ba, amma an daina ɗaukar wayarsu. A kasuwa ana ta cewa matacciya na kiran matattu.

Lubega ya shagala da ba da haƙuri gida-gida. Ya kira mahaifiyarsa sau biyu ba a ɗauka ba, ya ce ko tana gona. Sai a mako na uku maƙwabta suka aiko cewa ta faɗi.

Ya same ta kwance, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, kwalbar magani wayam. Ya tambaye ta ina wayarta, ta kasa magana, sai dai ta juya ido wajen gonar da ke bayan gidan. Ya danna lambarta.

Daga cikin gonar ayaba ya jiyo ƙarar, can ƙasa-ƙasa. Ya bi ta. Wayar tana kan kabarin mahaifinsa, a naɗe da ganye, an danne da dutse. Ranar nan muryar Nansubuga ta kira marigayin da sunansa a wayar, tsohuwar kuwa ta kai masa saƙonsa. Nata kiran, na ranar maganinta, a nan ya yi ta ƙara.

Darasin shi ne, rashin sanin amfanin abu ba hujja ba ce ta cewa ba shi da amfani. Abin da ka tarar na gaba da kai sun ajiye, tambaya kafin ka taɓa, ko da jiran zai kai ka gobe. Kuma kada shirun na'ura ya ruɗe ka. Ba kowace ɓarna ke yin ƙara a lokacin da aka yi ta ba.