Sunan da Lubabatu Za Ta Zaɓa

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labarin da zan ba ku yau babu aljani a cikinsa, babu sarki. Na wata yarinya ce da na sani tun tana goye, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Sunanta Lubabatu, 'yar Malam Hamisu tsohon hedimasta. Tun tana aji biyu na firamare ake kiranta Likita, don wata rana mahaifinta ya duba sakamakon jarrabawarta ya ce, "Wannan ai likita ce." Sunan ya bi ta. Mai kanti ya kira ta da shi, maƙwabta suka ɗauka, har ƙannenta suka kusa manta tana da wani suna. Ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko tana so ba. Abin da ta sani kawai, duk ranar da ta zo ta ɗaya fuskar mahaifinta takan yi haske, ita kuma sai ta ji ta cika mutum.

Tana da shekara goma sha tara ta shiga jami'a karatun likita. A can ta tarar da ɗalibai cike da aji, kowannensu shi ne na ɗaya a garinsu. Ta yi karatu har idanunta suka fara ciwo, amma babbar jarrabawar shekara ta uku ta kayar da ita. Ta maimaita, ta sake faɗuwa, aka sallame ta. Ta dawo gida da akwatinta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Wata biyar tana cikin ɗakin. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, amma abinci ba ya shiga, magana ba ta fita. Ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta. Sa'o'inta wasu sun yi aure suna goyo, wasu sun tafi bautar ƙasa. Ita ta wuce a kira ta yarinya, ba ta kuma ji ta zama babba ba. Tambaya ɗaya ce take juyawa a ranta: in ba Likita ba ce ita, to wace ce?

Ana cikin haka Goggo Sahura ta zo daga ƙauye. Yayar Malam Hamisu ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da awakinta da 'yar gonarta. Ta shiga ɗakin, ta buɗe taga, ta dubi yarinyar sosai. Ba ta yi mata nasiha ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta fito ta samu ƙaninta a zaure ta ce, "Hamisu, ƙafafuna sun fara gajiya, ina son mai taya ni zama. Ba ni wannan." Ƙafafun nan kuwa lafiyarsu lau.

A ƙauyen babu wanda ya san wata Likita. Luba Goggo take ce mata, kowa ya bi. Da safe ta ajiye mata kunun tsamiya, in ta sha rabi ta ɗauke sauran. Bayan mako biyu ta tura mata wake ta tsince. Daga baya ta ce ta raka ta rafi, daga baya ta koya mata tatsar akuya. In baƙi suka zo suka fara tambayar ina aka kwana a maganar makaranta, sai Goggo ta jawo zancen tsadar gishiri har su manta. Wata rana akuya ta tsoma kai cikin ƙullun Goggo ta fito fari fat, Goggo ta bi ta da muciya tana tsine mata, sai Lubabatu ta ji dariya ta ƙwace mata, har da hawaye. Kafin damina ta wuce ta murmure, tana ci, tana barci, tana hira da matan unguwa. Waɗanda suka gan ta lokacin da take kulle a ɗaki sun ce ba don Goggo Sahura ba, da wuya ta ga wata shekarar. Sai dai Goggo ba ta ƙi su zauna a haka har abada ba, Lubabatu ma zaman ya yi mata daɗi. Shekara ɗaya da rabi ta wuce ba ta taka garinsu ba.

Ran wata kasuwa sai ga Barira. Ƙawarta ce tun firamare, karatunta ya tsaya a sakandare, tana ɗinki a gida da 'ya'yanta biyu. Ta tarar da Lubabatu a inuwar dalbejiya tana ɓarar gyaɗa. Suka rungume juna, aka kawo fura, aka sha hira. Can Barira ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Kin yi kyau, Luba, kin yi ƙiba. To sai yaushe za ki fito daga ɓuya?"

Lubabatu ta ce, "Wace irin ɓuya? Goggo nake taya zama."

"Goggon da ta fi ni ƙarfi? Tun muna yara ban taɓa jin kin ce kina son likitanci ba. Baba nake ji yana faɗa. Kin zo nan kina makokin abin da ba naki ba ne tun farko."

Ran Lubabatu ya ɓaci. Ta ce, "Ke me kika sani a kan karatu?"

Maganar ta soki Barira, amma ta daure. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Ban san karatu ba. Ke na sani."

Wata goma Lubabatu ba ta ɗauki wayar Barira ba. Barira kuwa tun kafin ta hau motar kasuwa ta san maganar za ta iya raba su, ta kuma faɗa. Kowa yana lallaɓa Lubabatu kamar ƙwai, ita kaɗai ta ɗauke ta a matsayin babbar mace da za ta iya jin gaskiya. Maganar kuma ta ƙi barin Lubabatu. Tana daka tana jin ta, tana tatsa tana jin ta. Ta duba rayuwarta tun daga aji biyu, ta nemi rana ɗaya da ita da kanta ta yi sha'awar asibiti, ba ta samu ba. Sai ta ɗaure kayanta ta koma gida, ta durƙusa gaban mahaifinta.

Ta ce, "Baba, ban taɓa son likitanci ba. Farin cikinka nake so."

Malam Hamisu ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce, "Ni ma ban taɓa tambayarki ba. Ki yafe mini, Lubabatu." Daga nan ta wuce gidan Barira, ta tsaya a bakin ƙofa. Barira ta ɗago daga kan keken ɗinki ta ce, "Shigo mana, riƙe mini bakin yadin nan."

Nauyi ya sauka, amma hanya ba ta fito ba. Ta koyar a wata makarantar kuɗi zango ɗaya ta bari. Ta zauna a shagon wata 'yar uwarsu wata biyu ta bari. Ta fara koyon kwamfuta ta bari. Da zarar ta yi ɗan kuskure sai ta ga kamar an sake miƙo mata takardar sallama, sai ta gudu kafin a kore ta.

Wata rana mahaifiyarta ta aike ta sayen dashen lemo a lambun Malama Rakiya da ke bakin dam. Malama Rakiya tsohuwar malamar gona ce, ta yi ritaya ta kafa wurin renon itatuwa, mace mai ƙarancin magana. Lubabatu ta same ta tana aurar da mangwaro, wato tana yanko reshen mai daɗi tana ɗaura shi a jikin ƙaramin dashe. Ta tsaya kallo har aka kira la'asar. Sai Malama ta miƙa mata wuƙar. Washegari Lubabatu ta dawo ba aike, jibi ma haka.

Wata huɗu da fara zuwanta Malama ta tashi tafiya aikin Hajji. Tana da ƙani da ya san lambun ciki da waje, amma Lubabatu ta miƙa wa makullai, ta ce wa leburori uku da duk suka girmi yarinyar, "Abin da ta ce shi za a yi." Ana tsakiyar zafi injin ban ruwa ya lalace. Ruwan da za a iya ɗebowa da jarka ba zai ishi rabin lambun ba. Lubabatu ta kira Malama ta kira, waya a kashe. Ranta ya ce ta ajiye makullai ta gudu, amma da ta juyo sai ta ga mutum uku tsaye suna jiran bakinta. Ta ce a ceci mangwaro da lemo, a bar gwanda. Ta samo masu kura suka yi ta jigilar ruwa, ta bi makanike har garejinsa ta zauna sai da ya taso. Kwana tara kafin injin ya tashi. Gwanda ta ƙone, wani sashe na lemon ma ya tafi, don ta yi kuskuren barin shi a rana.

Da Malama ta dawo ta zaga lambun a hankali, Lubabatu na biye da ita. Ta tsaya a kan busasshen lemon ta ce, "Ni a shekarata ta farko lambun gaba ɗaya na kashe. In ya sake faruwa me za ki canza?" Lubabatu ta buɗe baki, sai ta ji tana da amsa, har guda uku. Ranar ta gane mutum yana iya yin kuskure ya kuma wayi gari a wurin aikinsa. Daga baya ta ji da gangan Malama ta kashe wayar. Wahalar shekara ashirin ta ɗora a hannun yarinyar da gari ya sani da barin aiki.

Lubabatu ta koma makaranta ta karanci aikin gona, wannan karon da zaɓin kanta. Ta kafa nata lambun. Tana da shekara talatin ta auri Tanimu, malamin makaranta mai sanyin hali, bara kuma Allah ya ba su 'ya mace. Da Tanimu ya zo ganin jaririyar a gidan iyayen Lubabatu ya ce mata, "Innata tana da takwara a gidan yayana, taki ma tana da ita. Wannan zaɓin naki ne. Ki faɗa mini kafin ranar suna."

Duka ukun kuwa suna gidan, babu wadda ta san ana wannan magana. Goggo Sahura tana bakin murhu tana dama kunun kanwa. Barira tana ninke 'yan rigunan da ta ɗinka, tana yi wa mai jego faɗan ta cika tashi tsaye. Malama Rakiya ta zo da dashen mangwaro ɗaya, tana zaga tsakar gida tana neman inda za a haƙa rami. Lubabatu tana kallonsu da jaririya a cinya, ranta fari tas, amma ta rasa sunan da za ta furta. Ba don Goggo ba, da Barira ba ta samu wadda za ta faɗa wa gaskiya ba. Ba don Barira ba, da har yau tana ƙauye tana ɓarar gyaɗa. Ba don Malama ba, da ta san abin da ba ta so, amma ba ta san abin da za ta iya ba. 'Yar kuwa ɗaya ce, sunan yanka kuma ɗaya ake raɗawa.

To, ku da kuka ji, Sahura, Barira ko Rakiya: wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?