Gahawar Da Ta Huce A Gidan Kanar

Akwai wani ƙaramin hafsan soja a garinmu Karak mai suna Hazim, tauraro ɗaya ne a kafaɗarsa. Yaro ne mai ƙwazo, sai dai ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo.

Wata shekara aka ce za a rage sojoji, kuma ƙananan hafsoshi abin zai fi shafa. A bataliyarsu, Kanar Mifleh ne zai yanke wanda zai zauna da wanda zai tuɓe kaki.

Tun daga ranar Hazim ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ko mansaf, shinkafarmu da naman rago, aka ajiye masa, loma biyu ya ture tiren. Duk wanda ya fito daga ofishin Kanar sai ya tare shi: "Ya ambace ni? Ya ka ga fuskarsa?"

Abokinsa Sakhr ya ce, "Ɗan'uwa, zauna mana, jiri kake sa ni. Aikinka ya ishe ka shaida."

"Wane aiki? Wanda ba shi da babba a bayansa, da shi ake fara sallama."

Ranar Juma'a ya kwashi baffanninsa da dattawan dangi sai gidan Kanar. Aka zuba wa babbansu, Abu Nayif, gahawa. Dattijon ya dire kofin bai kurɓa ba. Kun san al'adarmu, ba a sha sai mai gida ya amsa buƙata.

Abu Nayif ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanmu Hazim muke roƙo a bar mana a bakin aikinsa."

Kanar ya dubi kofin, ya ce:

"Baffa, wallahi tun makon jiya na yanke Hazim zai zauna, don a yarana babu kamarsa. Amma yanzu duk unguwa ta ga motocinku a ƙofata. In na bar shi, cewa za a yi gahawa ce ta bar shi. To me zan faɗa wa yaron da ba shi da baffan da zai kawo min?"

Ya juya ga Hazim. "Ɗana, jira kawai ya gagare ka?"

Gahawa ta huce ba wanda ya taɓa ta. Dattawa suka miƙe kai a sunkuye. Ƙarshen wata aka sallami Hazim, ya tuɓe kakinsa, har yau in na tuna sai ya ba ni tausayi.

Darasi: Wani lokacin abin da kake nema yana tafin hannunka, rashin haƙuri ne ke sa ka yar da shi. Ku tura wa duk wanda yake zaman jiran sakamako.