Jiniyar Ciyaman a Titin Makaranta

Gwaggo Asabe mai ƙosai ta roƙi Ciyaman ya sa tudun rage gudu a titin firamare, inda jikokinta ke tsallakawa.

Ya yi dariya. "Ranar da kika tsayar da motocin nan ba tare da kin ɗaga hannu ko kin tare hanya ba, zan sa."

"Ranka ya daɗe, zo gobe ƙarfe bakwai ka gani."

Da safe sai ga shi da jiniya. Motoci suka ratse gefe, suka tsaya cak. Gwaggo ta tsallakar da yara hankali kwance.

Ciyaman ya ce, "Ai jiniyata ce ta tsayar da su."

"Haka ne. In tudun zai wahalar da kai, mun yafe. Ka riƙa zuwa kullum, safe da lokacin tashi."

Kafin Juma'a aka zuba tudu uku.