Ɗakin da Na Yi Wa Ɗan Kawuna Ƙyashi

Jama'ar shafin nan, wallahi ba za ku yarda da abin da zan ba ku yau ba. Ni kaina da wani ne ya ba ni, cewa zan yi ya ƙara gishiri. Ku dai gyara zama.

Akwai wani ɗan kawuna, a gida Sannu-sannu muke ce masa. Ko silifa zai saya sai ya je kasuwa sau uku. Bana ya samu gurbin karatun injiniya a jami'ar babban birnin da nake zaune. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika, saura kwana biyar a fara darasi, ga shi ba shi da inda zai ajiye ko jakarsa.

Sai mahaifiyarsa ta kira ni a waya.

"Ga ƙaninka nan na turo maka. Ka nema masa inda zai yi karatu hankalinsa kwance. Kuma don Allah ban da shiriritar nan taka."

"Haba Inna! Garin nan na san shi kamar yunwar cikina. Kafin ki ajiye wayar nan ma ɗaki ya samu."

Kun san ni da makaranta mun rabu tuntuni, ba faɗa ba zagi, jarrabawar ƙarshe ce kawai ba mu haɗu ba. Amma in ana maganar lungu da saƙo na birni, ko direban tasi sai ya sara mini.

Washegari muka bi wani dillali. Nan na gane irin aikin da na ɗauko wa kaina.

Sannu-sannu ya zo da ɗan littafin rubutu da biro. Duk ɗakin da muka shiga sai ya buɗe famfo, ya soka cajar waya a kowane soket, ya zagaya kusurwa huɗu yana neman sabis, ya rufe ƙofa ya jijjiga ta.

Ɗaki na farko yana dab da ƙofar jami'a. Na ce shi ke nan, mun gama. Ya leƙa ta taga, ya nuna mini shagon masu walda a ƙasa.

"Yaya, yanzu babu wuta ne shi ya sa ka ji shiru."

Na biyu ga arha, ga sabon fenti sai ƙyalli yake. Dillali har yana shafa bango yana cewa, "Amarya ce wannan." Yaron nan bai ko kalli fentin ba. Waje ya fita ya duƙa a jikin katangar maƙwabta, ya nuna wani layi ruwan ƙasa da ya kai gwiwa.

"Nan ruwa yake tsayawa da damina. Su ba su yi fenti ba, shi ya sa tasu katangar ta faɗi gaskiya."

Dillali ya ce, "Malam, ɗaki kake nema ko binciken 'yan sanda?"

Na uku kuwa, jama'a! A saman wani gidan bene yake, cikin wani layi mai shiru. Taga biyu suna kallon juna, iska tana shiga ta nan tana fita ta can. Ga bishiyar mangwaro ta miƙo reshe har bakin baranda. Sannu-sannu ya murɗa famfo, ruwa ya feso kamar yana jin haushi. Muka taka zuwa ƙofar jami'a yana duba agogo, minti goma sha biyu.

Dillali ya ce mai gidan wata dattijuwa ce, ta je duba 'yarta, sai gobe za ta dawo. Sharaɗinta ɗaya: ɗalibai kawai take ba haya.

Na ce, "To ƙanina, sai mu kama."

"A'a Yaya. Unguwa sau uku ake ganinta. Mun ga safiyarta, saura rana, saura yamma. Kuma ban ji ta bakin maƙwabta ba."

To ni ɗakina, bangonsa manne yake da tanderun gidan burodi. In na jingina da shi sai in ji kamar ni ake gasawa. Tunda na shaƙi iskar ɗakin saman nan, zuciyata ta ƙi komawa gida. Na ce a raina, yaron da zai yini a aji, me zai yi da taga biyu? Ai ɗaya ma ta yi masa yawa. Ni kuwa da gilashi da jaka, wa zai ce ba ɗalibi ba ne?

Sai na nufi wurin abokina mai aski. Shi ne abokin tsiyata tun muna yara.

"Gobe da rana za ka zama ɗan wata unguwa. Ka zauna a bencin shagon da ke kallon gidan. In mun zo tambaya, ka ɓata ɗakin nan ɓatawar da ko akuya ba za ta yarda ta kwana a ciki ba."

Ya ce, "Ka kawo kuka gidan da ya dace. Bar ni da shi."

Washegari da rana tsaka muka iso, ga mutumina ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana sakace. Sannu-sannu ya gaishe shi da ladabi.

"Ranka ya daɗe, a nan kake zaune?"

"Shekara goma sha ɗaya. Wane gida? Wancan? Kai, yaro, wa ya tsane ka haka?"

Ya fara zuba. Wai ruwa sau ɗaya yake zuwa a mako, shi ma ja wur kamar shayi. Wai kuɗin cizon gidan har sun san ranar da sabon ɗan haya yake tarewa. Wai ɗalibi na ƙarshe da ya zauna a ɗakin, da ƙiba ya shiga, da ya fito sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda uku. Wai tsohuwar tana ƙirga takun mutum a kan matakala.

Na riƙa dafe ƙirji ina cewa, "Subhanallahi! Allah ya rufa mana asiri!" Ni kaina na burge kaina.

Ana cikin haka mai shago ya leƙo ya ce wa mai aski, "Baƙo, me za a kawo maka ne?" Na yi maza na kama tari mai ƙarfi don in rufe maganar.

Sannu-sannu ya kalli igiyoyin shanya na gidajen layin, ya yi ɗan rubutu, ya rufe littafi.

"To Yaya, gara da muka tambaya."

Da yamma ya ce zai je jami'a duba allon sanarwa. Na ce Allah ya kiyaye hanya, har da ba shi shawarar ya sake duba ɗakin mai sabon fenti.

Da gari ya waye na yi wanka na tsuke. Na ari gilashin mai aski, na zare wani ƙaton littafi daga jakar ƙanina, wanda nauyinsa ya kai bulo. Da yake a wurina ya sauka, ban ma lura da lokacin da ya riga ni ficewa ba. Na tsallake dillali, na nufi gidan kai tsaye.

Na tarar da dattijuwar a baranda, da sanda a gefenta, tana sauraron rediyo. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Mama? Ɗalibi ne ni, na ji an ce kina da ɗaki."

Ta rage muryar rediyo, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Lafiya lau, ɗana. Zauna. Me kake karantawa?"

Na saci kallon bangon littafin, na ga lambobi da zane-zane.

"Lissafi, Mama. Zurfaffen lissafi. Wanda ko malamanmu sai sun sha magani suke shiga aji."

"Masha Allah! Aji nawa?"

"Uku. Da ma huɗu ne, na tsaya jiran abokaina."

Ta yi murmushi, ta ce Allah ne ya kawo ni, da ma akwai abin da ya dame ta.

"Ka ga tankin can na kan rufi? Bututu biyu ke zuba masa ruwa. Na rijiya shi kaɗai yana cika shi a awa uku. Na famfon gari kuma a awa shida. In na buɗe su tare, awa nawa zai ɗauka?"

Na ce a raina, wannan ai ko ina barci. Na gyara gilashi, na buɗe littafin na ɗan jujjuya shafi don a san da ilimi ake aiki.

"Awa tara, Mama."

"Tara?"

"Cif. Uku da shida. In da iska ma, tara da kwata."

"Wato ɗaya shi kaɗai awa uku, amma in ɗan'uwansa ya zo taya shi sai su kai tara?"

"Ai Mama, haka aikin haɗin gwiwa yake. Hira suke tsayawa yi."

Dattijuwar nan ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Ni ma na taya ta, na zaci ɗaki ya zama nawa. Sai ta ɗaga kai ta yi kira:

"Injiniya! Sauko, littafinka ya kawo kansa."

Na ji taku a matakala. Sannu-sannu ne, da tsintsiya a hannu, ya naɗe ƙafar wando. Na ɗaga littafin ina kare fuskata da shi.

"Sannu da zuwa, Yaya. A kife ka riƙe shi."

Ashe jiya ba allon sanarwa ya je dubawa ba. Zuwa na uku ya yi, na yamma. Tun da rana ya lura kowace igiya a layin cike take da jiƙaƙƙen wanki, ya ce unguwar da ruwa ke zuwa sau ɗaya a mako ba ta wanki ranar Laraba haka. Ya koma wurin mai shago, mai shago ya ce bai taɓa ganin mai bencin nan ba. Ya tambayi mai guga, ya tambayi matar da ke gidan kusa, kowa ya yabi gidan. A bakinsu ya ji cewa Mama shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya.

Daga nan ya yi sallama ya shiga. Ya tarar ta dawo daga tafiya, ya kama mata kaya zuwa ciki, suka zauna hira. Kafin magariba ta miƙa masa makulli.

Na ce, "To kai me ya hana ka faɗa mini?"

"Na so in faɗa, Yaya. Sai na ga kana gwada gilashi a madubi kana cewa 'Ina kwana, Mama'. Na ce bari kar in katse ka."

Na fara lalubo hanyar fita. "Mama, ai gwaji ne. Ni na shirya komai don in ga ko yaron yana da wayo. Alhamdu lillahi, ya ci."

"To madalla. Bari mu gaya wa mahaifiyarsa ya ci."

Ashe tun kafin in iso Sannu-sannu ya kira Inna, ya bar wayarsa a buɗe a kan tebur kusa da Mama. Muryar Inna ta fito tar.

"Ina jin ka, mai zurfaffen lissafi! Na ba ka amanar ƙaninka, ka je kana neman ƙwace masa ɗaki? Tara da kwata! Bari kawunka ya dawo, yau har maƙwabta sai sun ji wannan."

Tana faɗa tana dariya, har ina jiyo ƙannena a bayanta suna shewa. Na so ƙasa ta tsage in shige, to ƙasar ma siminti ce.

Na ce, "Inna, a yi haƙuri. Ƙanina, ka yafe mini. Zafin burodi ne ya taɓa mini kai."

Sannu-sannu ya ce, "Ya wuce, Yaya. Duk ranar da zafi ya ishe ka, ka zo ka sha iska. Taga ɗaya taka ce."

Wallahi wannan maganar ta fi dariyar Inna shiga jikina.

Na miƙe zan sulale, Mama ta tare ƙofa da sandarta.

"Ina zuwa? Shi ya yafe, ni ban sallami aji ba. Ka kira abokinka mai shekara goma sha ɗaya a unguwa, ya ɗauko katifar yaron nan a ka tun daga bakin titi, ya bi ta gaban shago don a san shi. Kai kuma ga tsani can, ga buroshi, ga bokiti. Tankin nan ya shekara ba a wanke shi ba."

"Mama, da wannan kayan nawa?"

"Gilashin dai ka cire. In ka wanke shi tas, ka buɗe bututun biyu, ka zauna a kan rufin da agogo a hannunka har ya cika. Sai ka sauko ka faɗa mini amsa."

Na naɗe hannun riga, na ɗauki bokiti, na sa ƙafa a tsani. Ina mataki na huɗu ta ƙara ɗaga murya:

"In kuma ka sake ce mini tara, sai mu zubar mu sake!"

Darasi: Ɗalibi, kafin ka kama ɗaki ka ga unguwar da safe, da rana, da yamma, ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi maƙwabci fiye da ɗaya. Haƙurin kwana biyu ya fi kukan shekara guda. Kai kuma da aka damƙa wa amanar ɗan'uwa, kar ka yi ƙyashin alherin da Allah ya nufe shi da shi, don wayon cin amana kan mai shi yake ƙarewa. Ku tura wa duk wani ɗalibi mai neman ɗaki, da duk wani yaya mai hali irin nawa.