Motar da Ta Ƙi Tashi da Safiyar Sanyi

Akwai wani mutum a wani ƙauye bisa tsaunuka, inda sanyi ke shiga har cikin ƙashi. Yana da mota mai kyau, yana kuwa ji da ita ƙwarai. Kullum sai ya wanke ta, ya goge, ya lulluɓe ta da tamfol. Amma ba ya hawanta, don kada duwatsun hanya su lalata ta. Matarsa tana da tsohon ciki, yakan ce mata, "Kwantar da hankalinki. Ran da lokaci ya yi, ga mota a ƙofa."

Sai sanyi ya sauko a shekaran nan irin wanda tsofaffi ma suka jima ba su gani ba. Wata safiya, rana ba ta gama fitowa ba, matar ta dafa bango ta ce, "Maigida, lokaci ya yi."

Ya ruga ya yaye tamfol, ya murza makulli. Motar ta yi ɗan nishi, ta yi shiru. Ya sake murzawa har sau bakwai, ko motsi. Asibiti kuwa na da nisa, ga matarsa tana kiran sunan Ubangiji a bakin ƙofa.

Yana cikin haka sai ga maƙwabcinsa, wani dattijo, a tsohuwar motar da yake kai dankali kasuwa kowace rana. Dattijon ya leƙa ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da tuƙa ta?"

"Wata uku ke nan, Baba."

"To, batir ne. In mota tana tafiya, shi ma yana cika. In an ajiye ta, ƙarfinsa yana tsiyayewa ba wanda ya sani. Sanyi kuma ya zo ya dakushe ɗan abin da ya rage."

Ya matso da motarsa, ya ɗauko wayoyi biyu, ja da baƙa, ya haɗa batirinsa da na mutumin. Ya ce, "Murza yanzu."

Ya murza. Nan take inji ya ɗauka da ruri, fitilu suka haska. Mutumin ya leƙo ta taga yana kallo. Bai ga abin da ya ratsa wayoyin nan ba, amma ga matacce ya farka a gabansa. Ya ce, "Allah mai iko!" Ya ɗauki matarsa ya kai ta asibiti, kafin azahar aka sa masa 'yarsa a hannu.

Ma'anar wannan misali ke nan, 'yan'uwa. Batir shi ne bangaskiyar mutum, sanyi kuwa ranar gwaji ce, rashin lafiya ko rasuwa ko tsoro. Wanda ya bar addu'a da karanta Maganar Allah da hidimar 'yan'uwa, daga waje ba a ganin aibinsa, shi kansa bai san ya yi rauni ba sai ranar nan ta zo. Amma ku dubi girman alherin Ubangiji! Bai bar mutumin nan cikin sakacinsa ba, ya aiko masa da mai sauran wuta. Idan zuciyarka ta yi sanyi yau, kada ka ɓoye don kunya, ka ce wa ɗan'uwa ya yi addu'a tare da kai. Kai kuma da kake da ƙarfi, akwai wanda yake ta murza makulli a ƙofar gidansa da hawaye. Kada ka wuce shi.