Lambun Malam Inusa da Tikitin Araha

Hajiya Tabawa mai kwanuka ta rasa miji, ta samu yini guda. Abin da aka karɓe mata ke nan, abin da aka miƙo mata ke nan. Tun tana budurwa take ciniki a kasuwar Kurmi, dillalan Kano sun san in ta ce albarka ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta sakin kaya, amma ba a taɓa kwasar ta a ciniki kamar wannan karon ba. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi, don a ƙarshe akwai hukuncin da ya gagare ta, ku za ku yanke shi.

Mijinta, Malam Inusa, makanike ne a wani kamfani mai sayar da injinan casar shinkafa. In wani ya sayi inji a Kudu, shi ake turawa ya kafa shi. A da tafiyar ba ta da wata wahala. Ya hau jirgi a Kano, ya sauka inda aikin yake, ya kwana a masauki mai tsabta, ranar da ya ɗaure ƙusar ƙarshe ranar zai dawo mata da tsarabar kwakwa da manja.

Sai kamfani ya ce kasuwa ta yi sanyi, za a tsuke bakin aljihu. Aka fito da sabuwar dokar tafiya. Ƙananan ma'aikata ba za a ƙara yanka musu tikiti ba sai mafi araha, irin wanda ake saya tun da wuri, ba a canza masa rana, ba a mayar da kuɗinsa. Jirgin ma ba kai-tsaye ba, sai ya sauke mutum a Abuja ya yini a kan kujerar ƙarfe yana jiran wani. Mutum biyu ɗaki guda. Wanda ya dawo bai ƙarasa aiki ba, babu kuɗin guzuri, kuma za a cire kuɗin tikitin daga albashinsa. Manya kuwa dokar ba ta hau kansu ba, suna nan a kujerun gaba ana miƙa musu shayi.

Tabawa ba ta yi boko ba, sunanta ma da ƙyar take zanawa, amma da Malam ya karanta mata dokar sai ta taɓe baki.

"Malam, kwanon da ya fi kowanne araha a rumfata, ni kaina ba na zuba miya a ciki. Yoyo yake yi."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Tabawa, ko zancen jirgin sama aka kawo sai kin ja shi rumfa."

A kan wannan doka aka tura shi Inugu tare da wani abokin aikinsa. Can ƙirji ya riƙe Malam. Likitan garin ya ce zuciya ce ta gaji, katin asibitin da kamfani ya ba shi kuwa ba ya aiki sai a Kano. Ya kira matarsa, murya kamar daga cikin rijiya, ya ce, "Tabawa, gida nake so. In ma tafiyar ce ta zo, ta same ni a gabanki." Tikitinsa kuwa sai wani makon, kuma ba a taɓa shi.

Mutum uku ne suka dawo da shi.

Ta farko Asabe, ma'aikaciyar da ke yanka wa kamfani tikiti. Ita ta zaɓar masa wannan tikitin da hannunta, kuma da ya kira ta daga gadon asibiti ya roƙi a matso masa da rana, cewa ta yi, "Baba, ka yi haƙuri, doka ce, ba yadda zan yi," ta ajiye waya. Yini guda ya tafi a banza a kan wannan maganar. Washegari Tabawa ta rufe rumfa, ta je ofishin, ta ƙi kujerar da aka ba ta, ta zauna dirshan a ƙasa gaban teburin Asabe ta ce, "'Yar nan, ni ban iya karatu ba. Ki buɗe dokar ki karanta mini wurin da aka ce a bar mutum ya mutu a garin da ba wanda zai yi masa wanka." Asabe ta sunkuyar da kai. Akwai asusun da aka ware don tafiyar manya, ita ke riƙe da mabuɗinsa, kuma ta san abin da zai same ta in ta taɓa shi. Ta taɓa shi. Ta yanka wa Malam sabon tikiti na washegari da safe. Mako bai zagayo ba aka sallame ta daga aiki, ga uwa makauniya a gida, ga ƙanne a makaranta. Ba don tikitin Asabe ba, da Malam bai bar Inugu ba.

Na biyu Namadi, abokin aikin da aka haɗa su ɗaki guda. Shi ya fara jin nishin Malam tun farkon zuwansu, amma da ya tuna albashin da za a yanke sai ya riƙa cewa, "Daure, Malam, saura kaɗan mu tayar da injin nan." Malam ya daure har ya faɗi a gindin inji. Daga ranar Namadi bai ƙara barin gefensa ba. Tikiti ɗaya Asabe ta iya yanka, Malam kuwa ba zai iya taku goma shi kaɗai ba. Namadi ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, wanda ya tara sufana bayan sufana tun yana koyon aiki, ya kai kasuwa ya sayar a wulaƙance, ya sayi kujera a jirgin. A filin jirgi kuma ga wata matsala: in suka ga mutum a galabaice ba takardar likita, ba sa barin sa ya hau. Namadi ya sa wa Malam babbar riga, ya kafa masa hula, ya rungumo kafaɗarsa kamar masu hira, nauyin mutumin gaba ɗaya a kan hannunsa guda, yana tafe yana ƙyalƙyala dariya. Da matar da ke bakin ƙofa ta tsare su da ido, sai ya ce mata, "Babana ne, tsoron jirgi yake, tun jiya yake addu'a." Ta yi murmushi ta ba su hanya. Injin da suka bari ba a ƙarasa ba, kamfani ya dakatar da Namadi a kansa, kuma makanike ba kayan aiki kun san abin da ya zama. Ba don hannun Namadi ba, da Malam bai hau jirgi ba.

Na uku Alhaji Sambo, babban akanta. Shi ya zauna ya rubuta dokar, masu kamfani suka tafa masa, suka ba shi sabuwar mota. Shi da Malam allo ɗaya suka wanke suna yara, amma ranar da yake rubutun bai tuna da shi ba. Da jirgin Inugu ya sauke su a Abuja, sai aka yi shela cewa na Kano ya samu matsala, sai abin da hali ya yi. Malam ya kasa zama a kujerar ƙarfe, Namadi ya shimfiɗa masa riga a ƙasa, mutane suna tsallake shi da jakunkuna. A ranar Alhaji Sambo yana Abuja, yana gaban masu kamfani a taron da za a ɗaga shi zuwa babban muƙami. Wayar Namadi ta shigo. Ya tashi ana tsakiyar yabonsa, babban mai kamfani ya ce, "Sambo, in ka fita ƙofar nan, kujerar ta wani ce." Ya fita. Ya kwantar da Malam a bayan motar nan da doka ta saya masa, ya kama sitiyari da kansa, ya bi hanyar Kaduna, hanyar da manya irinsa suka daina bi don tsoron masu sace mutane. Bai tsaya ba sai ƙofar gidan Tabawa. Muƙamin ya tafi hannun wani, kuma tun ranar ba a ƙara kiransa taron manya ba. Ba don motar Alhaji Sambo ba, da Malam ya cika a kan simintin filin jirgi.

Haka Tabawa ta samu yininta. Malam ya ƙi asibiti, ya ce ya gaji da gadon ƙarfe da kujerar ƙarfe. Ta dama masa kunun tsamiya ya sha rabin ludayi, ya ga 'ya'yansa, aka fito masa da tabarma tsakar gida ya kwanta yana kallon kajinta. Bayan azahar ya kira ta.

"Lambuna na Kadawa. Wanda ya dawo da ni gida, ki ba shi. Kada ki raba, rijiya ɗaya ce, rabawa rigima ce."

"Malam, su uku ne fa. Wanne a ciki?"

Ya buɗe baki kamar zai faɗa, sai barci ya ɗauke shi. Ta ce bari ya huta ta tambaye shi in ya farka. La'asar ta yi, bai farka ba.

Malaman unguwa suka duba wasiyya, suka ce lambun bai kai sulusin abin da ya bari ba, dole a cika ta kamar yadda ya faɗa. Su ukun duk sun zo zaman makoki, sun zauna tabarma daban-daban, ba mai duban wani. Ba wanda ya buɗe baki ya nemi lambun. Asabe ta ce, "Mama, ni da na ajiye masa waya?" Namadi ya ce, "Hajiya, ni na ce ya daure." Alhaji Sambo kuwa sai cire tabarau yake yana gogewa. Tabawa ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce a ranta, ga waɗanda suka tura shi rami, ga kuma waɗanda suka miƙa masa igiya, kuma mutanen ɗaya ne.

Tana cikin takaba kamfani ya aiko wani mai kwat da ambulan da takardar da za ta dangwala yatsa, wai ta yarda ba ta da ƙorafi. Ta bar shi a zaure, ta yi magana daga bayan labule.

"Me ke ciki?"

"Hajiya, ɗan abin ta'aziyya ne."

"Ni ba bara na fito ba, kaya gare ni. Ku kuka zo saye. Albarka."

Ta faɗi nata farashin. A soke dokar gaba ɗaya. A mayar da Asabe da Namadi bakin aiki. Mai kamfani ya zo da ƙafarsa ya zauna a zauren nan ya yi mata gaisuwa. Mai kwat ya tafi, ya dawo da ambulan da ya fi na farko kauri. Ta ce albarka. Ya sake dawowa, ta ce masa, "Yaro, ka gaya musu ni Tabawa na sayar wa Buzaye tukunya, na sayar wa Inyamurai faranti, ba wanda ya taɓa gajiyar da ni."

Amma a kasuwa in ka ƙi tayi, kayanka na nan a rumfa har gobe. Nata kayan yana maƙabarta. Rumfa tana rufe saboda takaba, makarantar yara ta fara aiko da saƙo, buhun gero ya kwanta. Su kuwa ba abin da ke cin su, mai kwat albashinsa yake karɓa ko ta yarda ko ta ƙi. Ita da ta saba gajiyar da mai saye, sai ga shi an zauna ana jiran ta gaji.

Ranar da mai kwat ya yi zuwansa na ƙarshe ta ce ya karanta mata a hankali, ya maimaita, don kada a ce ba ta gane ba. Dokar tana nan, an dai ƙara mata layi guda: ma'aikacin da ciwo ya kama a hanya za a iya canza masa tikiti, in manya biyu sun sa hannu. Namadi zai koma aiki a ƙaramin matsayi. Asabe ba za ta koma ba, wai ta taɓa asusun da ba nata ba. Mai kamfani ba zai samu zuwa ba, ya tafi Dubai, amma ya aiko da buhun shinkafa, kuma mai kwat ya ƙara da fara'a cewa daga injin da marigayi ya kafa aka cashe ta. Kuɗin makarantar yara kamfani zai biya har su gama sakandare.

Tabawa ta miƙo hannu ta gefen labule, ya shafa mata tawada a babban yatsa.

"Miji guda, mai sallah, mai dariya, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kuɗin makaranta, da layi guda, da buhun shinkafa. Na sallama."

Ta dangwala. Shinkafar ta sa aka kai masallaci, ta ce ba za ta shiga tukunyarta ba.

Saura lambu. Takaba ta ƙare, mangwaro ya nuna yana zuba a ƙasa, mabuɗin ƙofar yana ɗaure a bakin zaninta, kuma wasiyya nauyi ce, ba ta son ta tarar da Malam da ita a wuya. Ga Asabe da ta ajiye waya, ta kuma yanka tikiti ta rasa abincinta. Ga Namadi da ya ce a daure, ya kuma sayar da kayan sana'arsa ya ɗauki mutum a hannu guda. Ga Alhaji Sambo da ya rubuta doka, ya kuma bar muƙami ya sa ransa a hanyar Kaduna.

To, jama'a, rijiya ɗaya ce, mabuɗi ɗaya ne. A cikin su ukun nan, wa ya dawo da Malam Inusa gida?