Mayen da Ya Kama Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wasu dabbobi ne suka ce duniya ta lalace, suka haye kogi suka kafa garinsu, Tsantseni. Ba kiɗa, ba rawa, dariya ma sai a ɓoye. Wanda ya sha giya kuwa, bulala da kora. Alƙalinsu Babba-da-jaka ne, kullum cikin baƙar riga, fuska a murtuke. Gizo da matarsa Ƙoƙi suka bi su, don an ce akwai tuwo.

Wata ranar kasuwa aka tsinci Gizo a kwance, yana shure-shure, ido a juye. Ƙoƙi ta san ya yi tatul da burukutun da yake ɓoyewa a rumbu.

Alƙali ya ce, "Gizo, me ya same ka?"

Gizo ya ce, "Maye ne, yanka ya daɗe."

Gaskiya ya faɗa fa, karo na farko a rayuwarsa, mayen giya yake nufi. Gari kuwa ya ɗauki salati, "Maye! An kama kurwar Gizo!" Da Gizo ya ga ana kawo masa farfesu maimakon bulala, sai ya ƙara shure-shure. Ƙoƙi ta ja bakinta ta yi gum, kada a kori mijinta.

Alƙali ya kafa doka: wanda ya amsa maita ya ambaci abokinsa, a sake shi. Wanda ya musa, a jefa shi kogi.

Aka kamo Mujiya saboda idanunta. Ta ce, "Na amsa, amma Jemage ne ya koya mini." Aka sake ta.

Aka kamo Jemage saboda yana kwana kai ƙasa. Ya ce, "Na amsa, amma Bushiya ce babbarmu." Aka sake shi.

Aka kamo Bushiya, tsohuwar ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin. Ta ce, "Ni da furfurata ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan laƙa wa ɗan kowa ba."

Alƙali ya ce, "Kun ji taurin kan mayu."

Aka jefa ta. Ƙoƙi na tsaye, bakin ciki kamar ya kashe ta, amma ta kau da kai.

Gizo dai bai warke ba. Wa zai warke ana farfesu? Alƙali ya ce lalle da sauran mayya, kuma ta kusa ce. Gizo ya dubi tukunyar farfesu, ya dubi matarsa, ya nuna Ƙoƙi.

Ƙoƙi ta ce, "Ni, Malam?"

Alƙali ya ce, "Ki tsallake shi ki sakar masa kurwa, ko ki bi Bushiya."

Ta ce, "To, Allah gafarta Malam."

Ta tsallake sau ɗaya. Ta tsallake sau biyu. A na uku ta dira da ƙafa biyu a tsakiyar tumbinsa. Gizo ya saki wata gyatsa, gaaat, wari ya cika zauren shari'a.

Alƙali ya shaƙa, ya lumshe ido, ya ce, "Kai! Wannan ai burukutu ne, na jar dawa ma, ya kwana biyu."

Ƙoƙi ta ce, "Allah gafarta Malam, a ina ka san shi haka?"

Alƙali ya buɗe fiffike ya tashi sama, ya bar rigar a nan. Gizo ya haye tsaiko, har yau yana can. Ƙoƙi kuwa ta tafi bakin kogi tana kiran Bushiya, ba amsa. Ashe Ƙoƙi na da ciki; da haihuwarta ta zo, ita kaɗai ta yi naƙuda, ba ungozoma.

To kun ji. In ana laƙa wa wani sharri kun san gaskiya, ku faɗa tun yana da rai. Kuma in an kama wani aka ce ya ambaci abokinsa, kada ku yi murna, layin zai iso gidanku.

Ƙurunƙus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.